Jar kumba ba ta shan ruwan batir

Ɗana, ka turo mini hoton abin wuyan nan na mutanen Maya kana tambaya abu biyu: me irin wannan zane yake nufi a wurinsu, kuma ko za ka iya tsoma kumba a ruwan batir na 'yan mintoci don jan ya fito da wuri, layukan su yi zurfi, ta yi kamar ta tsufa. Ta farko tambayar mai son koyo ce. Ta biyu kuwa da a gabana ka yi ta, da ka wuni kana sharar shago. Zan amsa duka biyun, domin ruwan batir ɗin nan ya taɓa cinye mini dukiya a hannun wani azzalumi, kuma har yau ban huce ba.

Maya suna kudancin Meziko, da Gwatamala, da Beliz, da yammacin Honduras, kuma jikokinsu suna nan har yanzu, miliyoyi, suna magana da harsunansu. Irin abin da ka turo an yi shi ne tsakanin shekara ta 250 da ta 900 miladiyya. A wannan zamanin ba su da kayan aiki na ƙarfe ko ɗaya, ba zarto, ba magagari, ba allura. Abin da ke hannunsu dutsen ƙanƙara ne, da baƙin dutsen nan mai kama da gilashi, obsidiyan, wanda ake haƙowa a tsaunukan Gwatamala irin su El Chayal, sai yashi da ruwa da zare. A ma'aunin taurin duwatsu mai tafiya daga 1 zuwa 10, kumba tana tsakanin 3 da 4, obsidiyan ya ɗan haura 5, ƙanƙara da yashi suna 7. Saboda haka in sun ja zare a kan kumba suna zuba jiƙaƙƙen yashi, yashin ne ke yanka, zaren jagora ne kawai. Babban huji kuma da kara mai rami ko ƙashin tsuntsu suke yinsa, ana murzawa ana ƙara yashi. Ƙaramin huji da tsinin ƙanƙara, daga gaba sannan daga baya, shi ya sa hujin tsohon aiki yake da faɗi a bakunansa biyu, ya tsuke a tsakiya. Wanda ya san aiki hujin yake fara dubawa kafin ya dubi zanen.

Kada ka ɗauka aikin bayi ne. A garin Agwateka, wanda abokan gaba suka ƙona wajen shekara ta 810 mutane suka gudu suka bar kayansu, an tarar da kayan sassaƙar kumba da ƙashi a gidajen manyan fada, dab da gidan sarki. 'Ya'yan sarauta ne ke zama su goga kumba da hannunsu. Ku kuwa yaran yanzu in NEPA ta ɗauke wuta sai ku naɗe hannu ku ce ba aiki.

Kumbar da suka fi ɗaukaka ita ce ja mai ƙaya, wadda masana ke kira Spondylus. Tana manne da duwatsu a ƙarƙashin teku, sai gwanin nutso ke ɓamɓaro ta. Akwai ta tekun Fasifik mai ja sosai, akwai ta Karebiyan. Daga can ake ɗauko ta a ka da kwalekwale har garuruwan cikin daji irin su Tikal. Wannan ba zai ba ka mamaki ba in ka tuna kuɗin wuri da kakanninmu suka yi ciniki da shi a Kano daga tsibiran Maldibs na tekun Indiya yake zuwa. Abin teku in ya yi nisa da teku dukiya yake zama.

Ga inda tambayarka ta kauce. Jan ba fenti ba ne da ke ɓoye yana jiran asid ya buɗe shi. Jar kumba hawa biyu ce. Hawan waje, inda ƙayoyin suke, shi ke da launi. Hawan ciki fari ne, sai ɗan kewayen baki da ke nuna ja. Abin da Maya suke yi shi ne su kankare farin nan daga ciki, a hankali, har jan ya bayyana ya cika cikin kumbar. Duk gwanintar tana wurin sanin inda za a tsaya. Farin bai da kauri ɗaya ko'ina: kusa da mahaɗin bakin, inda ɓari biyun ke haɗuwa, yana da kauri, wajen gefe kuma siriri ne. In ka tsaya da wuri ka bar dabbare-dabbare. In ka wuce ka huda. Hannu na jin wannan bambancin, ido na ganinsa in ka ɗaga ta wajen haske kana duba inda ta fara yin shara-shara. Asid kuwa ba ya gani, ba ya ji, ko'ina yake ci lokaci guda.

Ma'anarta a wurinsu ta taso ne daga inda take fitowa da kuma launinta. Sun ɗauka duniya tana kan ruwa ne, kuma ruwan nan shi ne mafarin rai, shi ne kuma hanyar da matattu ke bi. Abin da ya fito daga ƙasan teku yana ja kamar jini, to ya haɗa musu haihuwa da mutuwa wuri guda. Abin bautarsu na ruwan sama, Chaak, da jar kumba a kunne ake gane shi a zane. Na masara kuma yana ɗaure da ɗamara mai kan kifin shak, jar kumba na rataye a bakinsa, kuma matan sarauta sukan yi irin wannan shigar. A zanen bangon Bonampak, wanda aka yi wajen 790, za ka ga hakimai a jere cikin fararen mayafai, da jajayen kumba a ƙirjinsu. A Tikal, cikin 1962, an buɗe kabarin sarki Jasaw Chan K'awiil, wanda ya mutu wajen 734, aka same shi da jajayen kumba an jera masa tare da koren dutsen jed da lu'ulu'u. A Palenke, cikin 1994, an sami kabarin wata sarauniya da aka lulluɓe da jan gari, tare da ita akwai jar kumba da ɗan mutum-mutumin dutse a cikinta. A Kopan an tono jar kumba a gindin wani babban matakala, tare da ƙayar kifin da sarakunansu ke huda jikinsu da ita su zubar da jini don ibadarsu. Har rubutu suke yi a kanta: a Piedras Negras an sami 'yan allunan kumba a kabari, ɗauke da haihuwar wata gimbiya a 674 da aurenta a 686. Ko bayan zuwan Sifaniyawa abin bai mutu ba. Diego de Landa, limamin Kiristan nan da ya ƙona littattafansu a Mani cikin 1562, ya rubuta cewa jajayen kumba kuɗi ne kuma ado ne a Yukatan, kuma ƙananan 'yan mata suna rataya kumba a ƙugu har ranar bikin balagarsu.

Babbar katantanwar teku, fara, tata ma'anar daban. Ita murya gare ta. Su sare tsininta ta zama ƙaho, a busa a farauta, a busa a yaƙi, a busa wajen kiran kakanni, kuma wasu ƙahonin an zana musu fuska an rubuta musu suna. Akwai wani tsohon abin bautarsu, Pawahtun, da ake zanawa yana leƙowa daga cikin katantanwa ko ƙoƙon kunkuru, shi ne wai yake tallafe da sama. Marubutansu kuma su raba katantanwa biyu a tsaye su yi kurtun tawada da ita, ramukan cikin su raba baƙi da ja. A littafinsu da ke ajiye a Dresden ta Jamus, alamar sifiri siffar kumba ce. Akwai wani allon katantanwa a gidan tarihi na Cleveland a Amurka: wani basarake zaune da hular kan barewa, yana shan taba, maciji na fitowa daga katantanwa a gabansa. Nemi hotonsa ka ƙura wa layukan ido, ka ga yadda layi guda ke tafiya daga kafaɗa har yatsa ba tare da ya yi rawa ba. Ƙananan katantanwar nan masu santsi da ake kira Oliva kuwa, sare kansu suke yi su huda su jera a ɗamara, su riƙa kaɗawa in sarki na rawa, wasu an fafe su sun zama kan gawa. Kuma kada ka bi 'yan intanet ka haɗa kowa da kowa. Katantanwar da aka yanka a kwance ta fito kamar tauraro mai murɗe, wadda ake cewa ta iska, an fi saninta da abin bautar Aztek na tsakiyar Meziko, mutanen da suka yi ƙarfi ɗaruruwan shekaru bayan Tikal ta zama kufai.

Wannan duk imaninsu ne, ba namu ba, kuma akwai siffofin da ko nawa aka ba ni ba na karɓar aikinsu. Amma dole mai sana'a ya san abin da hannunsa ke zanawa, kada ya rataya wa amarya alamar kabari yana cewa ado ne.

Yanzu ga labarin mutumin. Dillalin kayan gargajiya ne, irin masu bin Turawa otal-otal. Ya zo da hotuna, ya ce wani kanti a ƙasar waje ke son kwaikwayon abin wuyan Maya, na jar kumba da na farar katantanwa, za a sayar a matsayin sabon aiki. Kafin alƙalamin da ya ajiye ko kuɗin kumbar bai kai ba, sauran daga aljihuna ya fita. Jar kumba mai kyau wuyar samu gare ta, yawancin wadda ake kawowa tsutsar teku ta riga ta huhhuda bayanta, sai an tsince. Aka tsince, aka kankare kowace da hannu, aka zana, aka cusa koya a layukan, aka goge da kaki. Kowace na sa mata alamata da shekara a baya, kamar yadda nake yi wa duk abin da ya fita daga shagon nan. Ban taɓa fitar da jan da ya kai na waɗannan ba.

Ranar karɓa ya juya su, ya ga alamar, fuskarsa ta canza. Wai a goge ta, kuma a ɗan tsufar da kayan, masu saye sun fi son haka. Na ce masa a nan ba a yi. Ya yi dariya ya ce wasa yake. Ya koma ya dawo da wani dattijo da ake ganin girmansa a kasuwa, wanda ya tsaya masa, wai zai kai wa abokin cinikinsa ya gani, gobe ya kawo cikon kuɗi. Goben ta zama makonni. Da ya dawo, a baƙar leda ya kawo su, ya zazzage a kan tebur ya ce kumbata ce ba ta da kyau, ta ruɓe a hannunsa.

Ba sai an gaya mini abin da aka yi musu ba, jikinsu ya faɗa. Bayan kowace akwai sawun giranda daidai inda alamata take, kuma wurin ya yi fari fat ya tsattsage saboda zafi. Fuskar ta yi ɓawon burodin fari mai gari-gari, in ka murza ya kama yatsa. Layukan da aka ja siriri sun buɗe, gefensu ya zagwanye, idon basaraken ya zama rami. Hujin rataya ya faɗaɗa har na wasu ya ɓalle zuwa baki. A cikin ramukan kuma ga jirwayen ruwan goro da baƙin hayaƙi, wato bayan ya tsoma su ya yi ƙoƙarin rina su su yi kama da abin da aka tono. Niyyarsa ya sayar da su a matsayin na shekara dubu, abin ya ƙi, sai ya dawo ya ɗora wa kumbar laifi. Muka je gaban shugabannin kasuwa, ya rantse, dattijon ya sunkuyar da kai, aka ce a yi haƙuri. Ko sisi ban ƙara gani ba. Kuɗin ma da sauƙi. Abin da ke ci mini rai kumbar ce, wadda wani ya nutsa teku ya ɗauko, aka kai ta ga ja irin wannan, wani ya kashe ta cikin minti biyar. Allah ya isa tsakanina da shi.

Ka fahimci dalilin, kada ka riƙe shi a matsayin tsoro kawai. Kumba kusan dukkanta sinadarin alli ce. Kowane asid narkar da ita yake yi, har ruwan lemun tsami. Ruwan batir ya fi muni, domin in ya ci allin sai ya haifar da wani farin gishiri da ba ya narkewa, ya manne a fuska ya rufe launin. Ka kankare shi, ka tarar da ƙasan ya yi ƙuraje. Kuma asid yana shiga ramukan tsutsa da tsagar da ido bai gani, ya ci gaba da ci daga ciki bayan ka ɗauraye waje. In tsautsayi ya sa ya taɓa maka aiki, maza ka jiƙa shi a ruwan kanwa ko bakin soda, sannan ruwa mai yawa, amma abin da ya tafi ya tafi. Zafi shi ne maƙiyi na biyu. Jikin katantanwa hawa-hawa ne, kowane hawa ya gitta na ƙasansa kamar saƙar tabarma, shi ya sa take da wuyar fasawa. In giranda ta ɗumama ta, abin da ke riƙe da hawan ya ƙone, ka ji warin ƙonannen gashi, wurin ya yi fari ya fara ɓarewa. Da ka ji warin nan ka riga ka makara. Bilic ma yana kashe jan, kada ka jiƙa ta a ciki wai kana wanki.

Yadda ake zaɓe da wankewa da kafa aiki a kan tebur ba zan ɓata bakina ba, wanda ya shekara a shago bai san wannan ba ya koma gida. Abin da zan faɗa shi ne inda ake asara. Allon zane daga leɓen katantanwa ko faffaɗan cikinta ake fitar da shi, a bar masa kaurin milimita 4 zuwa 6. In ya gaza haka zai tsage wajen huji. Yanka da siririn zarto, aikin na cikin ruwa ko ruwa na ɗiga a kansa ba yankewa. Kada ka yanka rabi ka karya sauran da hannu, tsagar za ta bi hawan ta shiga cikin allon. Ƙurar kumba tana lalata huhu, saboda haka ko shafa ɗaya ba a yi a bushe, kuma ka rufe hanci.

Wajen kankare farin jar kumba, in za ka taɓa inji to a kan kaurin da ke kusa da mahaɗin kawai, a hankali, a jiƙe. Da ka ga farin ya fara yin ruwan hoda, ajiye inji. Daga nan dutsen washi mai lanƙwasa da samfefa mai lamba 220, kana yi kana ɗagawa wajen haske. Sai 400, sai 600, sai 1200, kuma ba a tsallake lamba, domin sawun 220 ba ya fita da 600, sai ka sa kaki ya fito ya ba ka kunya. Cika bayanta da kakin zuma ko danƙo kafin ka fara, ya tallafe inda ya yi siriri.

Huji kafin zane ake yinsa, don in za ta fashe ta fashe tun ba ka zuba mata wahala ba. Allurar milimita 1.5 zuwa 2, nesa da baki da aƙalla milimita 5, katako a ƙasa. Ka shiga rabi daga gaba, ka juya ka gama daga baya. In ka fasa ta gefe guda, bakin fita zai ɓalle. Huji biyu ake yi wa abin ƙirji, ba ɗaya ba, don ya kwanta kada ya riƙa juyawa, kuma haka za ka gani a yawancin nasu.

Zane kuma da fensir tukuna, sannan tsinin ƙarfe mai kaifi, ja na farko kamar ba ka taɓa ba. Zurfi da maimaitawa ake samunsa, ba da dannawa ba. In ka danna, tsinin zai zame a kan santsi ya ja maka layin da ba ya gogewa. Wajen lanƙwasa, aikin ake juyawa, hannu na tsaye. Rabin milimita ya isa zurfi. Su Maya jan da suke cusawa a layi sau da yawa sinaba ne, wato dutsen da ake fitar da zaiba daga cikinsa, kuma guba ne, kada ka neme shi. Koya ta wadatar, su ma sun yi amfani da irinta. Niƙa ta lukui, kwaɓa da ɗan ruwan ƙaro, cusa da yatsa, bar ta ta sha iska, goge saman da ɗanyen tsumma, sannan kaki siriri.

Sai maganar hukuma, wadda ku ba kwa tunawa da ita sai kaya sun maƙale. Babbar katantanwar Karebiyan mai ruwan hoda a baki tana cikin CITES, yarjejeniyar duniya kan cinikin halittun da ake tsoron ƙarewarsu, tun 1992, ba ta ƙetare iyaka sai da takarda. Meziko kuma tun dokarta ta 1972 duk kayan tarihi irin waɗannan mallakar ƙasa ne, Gwatamala ma ta hana fitar da nata. Duk wanda ya zo maka da abu ya ce na asali ne daga kabari, ko ɓarawo ne ko maƙaryaci, kada ya zauna maka a benci. Naka aikin kuwa ka sa masa suna da shekara a baya, da zurfi, kusa da huji inda ba a iya gogewa sai an ɓata shi. Kuma kaya ba sa barin shago sai kuɗi sun cika, ko wa ya tsaya wa mutum.

Akwai gutsattsarin jar kumba a gwangwanin da ke ƙarƙashin teburina. Gobe ka ɗauki ɗaya, ba inji, dutsen washi da ruwa kawai, ka kai ta ga ja daga gefe zuwa gefe ba huji ba dabbare. In ka kawo na duba na yarda, sannan mu yi maganar zane.